Ranar Da Magoya Bayan Rangers Suka Ƙone Tikitinsu Saboda Ɗan Wasa Guda

Ran Litinin 10 ga watan Yuli na shekarar 1989 aka tara 'yan jarida a wani ɗaki na filin wasan Ibrox da ke birnin Glasgow, a ƙasar Scotland. An shaida musu cewa kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Rangers ya sayi sabon ɗan wasa, za a nuna musu shi. Da aka buɗe ƙofa, sai ga manajan kulob ɗin, Graeme Souness, ya shigo tare da wani saurayi ɗan shekara 26. Sunan saurayin Maurice Johnston, amma duk ƙasar da Mo aka fi saninsa.

Kafin faɗuwar rana jama'a sun taru a ƙofar filin. Waɗansu suka cinna wa ƙyallayen wuyansu masu launin kulob wuta. Waɗansu suka ƙone tikitin shiga kallo na shekara guda, wanda suka saya da guminsu. Har aka sami wanda ya kawo irin furannin nan da Turawa kan ajiye a kan kabari, ya ajiye a bakin ƙofa, wai kulob ɗinsa ya rasu. A gabashin birnin kuwa, inda abokan hamayyarsu 'yan kulob ɗin Celtic suke, nan ma zagi ake yi, har nasu ya fi zafi.

Laifin Johnston wurin mutanen Rangers shi ne ɗan ɗariƙar Katolika ne, kulob ɗin kuwa ya yi shekara kusan saba'in ba ya sayen sanannen ɗan wasa Katolika. Laifinsa wurin mutanen Celtic kuma shi ne, wata biyu kacal kafin wannan rana ya sa rigarsu a gaban 'yan jarida, ya ce duk duniya ba kulob ɗin da yake so ya yi wa wasa sai nasu.

Asalin gabar

Ruwa ba ya tsami banza. Wanda bai san Glasgow ba zai yi mamakin yadda ɗariƙar mutum ta shiga maganar ƙwallo, alhali kuwa Katolika da Furotesta duka Kirista ne. Abin ya samo asali ne daga tsibirin Ailan. A tsakiyar ƙarni na 19, daga shekarar 1845, wata cuta ta afka wa dankalin da talakawan tsibirin suka dogara da shi, aka yi yunwa mai tsanani. Mutane da yawa suka mutu, waɗansu suka haye teku neman abinci. Dubbai suka sauka a Glasgow, yawancinsu Katolika, suka tarar da 'yan gari waɗanda yawancinsu Furotesta ne, kuma ba su yi maraba da baƙin da za su raba aiki da su ba.

A cikin unguwannin waɗannan baƙi ne wani malamin addini da ake kira Brother Walfrid ya kafa Celtic a shekarar 1887, domin a riƙa tara kuɗin kallo ana ciyar da yaran matalauta. Rangers kuwa ta riga ta, tun 1872 waɗansu samari suka kafa ta, kuma da farko ba ta da wata alaƙa da ɗariƙa. Amma da Celtic ta yi ƙarfi ta fara kwashe kofuna, sai 'yan gari suka nemi kulob ɗin da zai taka mata birki, suka taru bayan Rangers. A 1912 kamfanin ƙera jiragen ruwa na Harland and Wolff, na birnin Belfast, ya buɗe ma'aikata a unguwar Govan kusa da Ibrox, ma'aikata Furotesta suka biyo shi daga arewacin Ailan, suka zo da gabar da suka saba da ita a gida. Daga nan abin ya kafu. Kore da fari ya zama na Celtic da tutar Ailan, shuɗi ya zama na Rangers da tutar Birtaniya da sarautarta.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ne Rangers ta daina ɗaukar Katolika. Ba a taɓa rubuta wannan doka a kundin kulob ba, amma kowa ya san da ita, har yaran da ke buga ƙwallo a lungu. Ba sai an tambayi yaro addininsa ba. Ya isa a ji sunansa, ko a tambaye shi makarantar da ya yi, tun da yake Katolika suna da makarantunsu daban. Ana ba da labarin Danny McGrain, wanda ya taso yana son Rangers kuma Furotesta ne, cewa masu nemo wa kulob ɗin yara sun ji sunansa ya yi kama da na mutanen Ailan, suka kauce masa. Celtic ta ɗauke shi, ya zama ɗaya daga cikin gwanayen 'yan baya da ƙasar ta taɓa yi. Alex Ferguson, wanda daga baya ya shahara a Manchester United, ya yi wa Rangers wasa daga 1967 zuwa 1969. Shi Furotesta ne, matarsa Katolika. Ya ba da labari cewa ran da ya sa hannu wani darekta ya tambaye shi inda aka ɗaura musu aure, ko a cocin Katolika ne ko a ofishin gwamnati, kuma ya daɗe yana jin haushin kansa da ya tsaya ya ba da amsa.

Ita Celtic ba ta yi irin wannan doka ba, ta kuwa ci ribar haka. Jock Stein, manajan da ya kai ta ga cin Kofin Turai a birnin Lisbon a 1967, Furotesta ne. Haka Kenny Dalglish. Watau Celtic tana zaɓe daga dukan yaran gari, Rangers ta rufe wa kanta ƙofa guda da hannunta. A 1976, bayan wata tarzoma da magoya bayan Rangers suka yi a filin Aston Villa a Ingila, babban manajan kulob ɗin, Willie Waddell, ya ba da sanarwa cewa addini ba zai ƙara hana a sayi ɗan wasa ba. Aka tafa masa, aka buga a jaridu, sa'an nan aka yi shekara 13 ba abin da ya sake.

Yadda cinikin ya juya

Souness ya zo Rangers a 1986 daga kulob ɗin Sampdoria na Italiya, bayan ya riƙe kyaftin a Liverpool. Mutumin Edinburgh ne, ya yi yawancin rayuwarsa ta wasa a waje, matarsa ta lokacin kuma Katolika ce. Tun farkon zuwansa ya ce shi gwani zai saya, ba ruwansa da inda mutum yake ibada. Ya sami sa'a kuma, domin an hana kulob-kulob na Ingila shiga gasar Turai bayan bala'in filin Heysel na 1985, sai ya riƙa jawo manyan 'yan wasan Ingila irin su Terry Butcher da Chris Woods zuwa Glasgow. A 1988 wani attajiri mai cinikin ƙarafa, David Murray, ya sayi kulob ɗin, ra'ayinsu kuma ya zo ɗaya: kulob ɗin da yake neman a san shi a Turai ba zai ci gaba da riƙe al'adar da ake yi masa dariya a kanta ba. Abin da ya rage shi ne wanda za a fara da shi, wanda zai yarda ya zama zakaran gwajin dafi. An ce waɗansu 'yan wasa Katolika da aka tuntuɓa sun ce a kai kasuwa.

Da za a tambayi magoya bayan Rangers a wancan lokaci wane ne suka fi ƙi a cikin 'yan wasan ƙasar, da sunan Johnston ya zo cikin na farko. Haifaffen Glasgow ne, an haife shi a 1963. Ya fara da Partick Thistle, ya tafi Watford ta Ingila, sa'an nan ya zo Celtic a 1984, inda ya ci ƙwallo 52 a gasar ƙasa cikin shekara uku. A wasan ƙarshe na wani kofi a 1986, tsakanin Celtic da Rangers, alƙalin wasa ya kore shi daga fili. Yana fita ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa irin ta Katolika, a gaban dubban 'yan Rangers, su kuwa suka ɗauke ta tsokana ce da gangan, suka riƙe ta a zuciya. A 1987 ya koma kulob ɗin Nantes na Faransa. A watan Maris na 1989 ya ci wa Scotland ƙwallo biyu a kan Faransa a wasan neman shiga Kofin Duniya, darajarsa ta ƙara hawa.

A watan Mayu na wannan shekara Celtic ta sanar cewa ɗanta ya dawo gida. An shirya da Nantes a kan Fam 1,200,000, an ba da kafin alƙalami, manajan Celtic Billy McNeill ya tsaya kusa da shi aka ɗauki hoto yana sanye da rigar kore da fari. Magoya baya suka yi ta murna, musamman da Celtic ta doke Rangers da ci 1 da nema a wasan ƙarshe na Kofin Scotland 'yan kwanaki bayan haka.

Ashe ta ciki na ciki. Maganar kuɗin da zai shiga aljihun ɗan wasan, da ta haraji, ba ta kammala ba. Dillalinsa kuwa, Bill McMurdo, sanannen mai goyon bayan Rangers ne. Souness ya ji ƙishin-ƙishin cewa cinikin yana rawa, ya nemi dillalin, aka shiga magana a asirce. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta nuna cewa takardar da Johnston ya sa wa hannu da Celtic tana da ƙarfi, watau da Celtic ta cika sauran kuɗin, da tana iya riƙe shi ko da ba zai buga mata ba. McNeill ya so a yi haka. Shugabanninsa suka ga ba za su zuba irin wannan kuɗi a kan wanda ba ya son su ba, suka janye. Rangers ta biya Fam 1,500,000. An kuwa nuna shi ne saura kwana biyu a yi bikin 12 ga Yuli, ranar da 'yan Furotesta masu tsanani suke yin maci da ganguna don tunawa da nasarar da sarkinsu William ya samu a kan sarki Katolika a yaƙin Boyne na 1690. Ko da gangan aka zaɓi lokacin, ba za a sami wanda ya fi shi zafi ba.

Wutar ƙofar Ibrox

Babban sakataren ƙungiyar magoya bayan Rangers ya gaya wa 'yan jarida cewa ranar baƙin ciki ce, kuma shi ba ya son ganin Katolika a Ibrox. Waɗansu rassan magoya baya, musamman na arewacin Ailan waɗanda kan hau jirgin ruwa su zo kallo, suka yi rantsuwa sun bar zuwa. A cikin gida ma ba a rasa masu gunaguni ba: an ce mai kula da kayan wasan kulob ɗin ya ƙi shirya wa sabon ɗan wasan kayansa kamar yadda yake yi wa sauran. Sai da aka nema wa Johnston masu gadi, ya kuma zauna a wajen Glasgow.

To, amma abin lura shi ne abin da ya faru da aka buɗe kakar wasa. Filin bai zama kango ba. Jama'a suka ci gaba da cika shi kamar da. Hotunan wuta sun cika jaridu, amma masu ƙona tikiti ba su kai komai ba cikin dubban da suka riƙe nasu. Da yawa daga cikin 'yan Rangers, ko da ba su faɗa da ƙarfi ba, daɗi suka ji, domin an shiga har gidan abokin gaba an ɗauke masa abin da ya riga ya yi shela a kansa. Souness da kansa ya amsa daga baya cewa akwai neman tsokana a cikin abin, ya san irin ciwon da Celtic za ta ji. Saboda haka bai kamata a ɗauke shi wani mai gyaran duniya ba. Ɗan gaba mai cin ƙwallo yake nema, ya samu, ya kuma ƙuntata wa maƙwabci, gyaran al'ada ya biyo baya a matsayin gyara kan ciniki.

Su kuwa masu rantsuwar sun shiga wani hali wanda duk mai son ƙwallo zai gane. Ɗan wasa ma'aikaci ne, yau yana nan gobe yana can. Manaja ma haka, mai kulob ma yana iya sayarwa ya kama gabansa. Mai goyon baya ne kaɗai ba shi da wurin zuwa. Ubansa ne ya fara ɗora shi a kafaɗa ya kai shi filin, abokansa na ranar Asabar duk a can suke, motar da suke haya tare da mashayar da suke taruwa duk na kulob ne. In ya yi fushi ya bar Rangers, ina za shi? Celtic dai ba ta shiga lissafi. Tikitin da ya ƙone kuwa kuɗinsa ne ya ƙone, kulob ya riga ya karɓa ya sa a asusu. Saboda haka da yawa suka dawo a hankali, kowa da dabarar da zai rufe kunyarsa. Ana ba da labarin waɗanda in Johnston ya ci ƙwallo sai su zauna shiru ana ta tsalle a kewayensu, har da masu cewa su ba sa lissafa ƙwallonsa, in an tashi 1 da nema kuma shi ya ci, to, a wurinsu canjaras aka yi.

Wannan dabara ba ta daɗe ba. A karon farko da Celtic, cikin watan Agusta, Johnston ya ɓarar da dama, aka tashi 1 da 1, masu zargi suka ce ai zuciyarsa tana can. Sai ran 4 ga watan Nuwamba na 1989, a Ibrox, ana dab da tashi ba wanda ya ci, ƙwallo ta faɗo masa a bakin da'irar gidan Celtic, ya sheƙa ta cikin raga. Ya ruga wajen 'yan kallo yana murna har alƙalin wasa ya ba shi katin gargaɗi, filin kuwa ya ɗauka gaba ɗaya. Mutanen da suka yi wata huɗu suna muhawara a kan ɗariƙarsa suka rungumi juna saboda ƙafarsa. A wannan kaka shi ya fi kowa ci wa Rangers ƙwallo a gasar ƙasa, suka ɗauki kofi, suka sake ɗauka a shekara ta gaba. Ya bar kulob ɗin a ƙarshen 1991 zuwa Everton, bayan ya ci ƙwallo 31 a wasa 76 na gasar.

Abin da ya mutu da abin da ya rage

Dokar da ba a rubuta ba ta mutu daga ranar. A 1998 Lorenzo Amoruso, mutumin Italiya kuma Katolika, ya zama kyaftin ɗin Rangers, ba wanda ya ƙone ko ƙyalle. A 1999 Neil McCann, Katolika ɗan ƙasa, ya ci ƙwallo biyu a filin Celtic a ranar da Rangers ta tabbatar da kofi. Madjid Bougherra, Musulmi ɗan Aljeriya, ya tsare musu baya daga 2008 zuwa 2011. 'Yan Nijeriya ma sun sa rigar: Joe Aribo ne ya ci wa Rangers ƙwallo a wasan ƙarshe na gasar Europa a birnin Seville a 2022, Calvin Bassey yana tsaron baya, kamar yadda Efe Ambrose, haifaffen Kaduna, ya yi shekaru a Celtic.

Waƙoƙin ƙiyayya kuwa ba su mutu tare da dokar ba. Mutum yana iya tafa wa Katolika a fili, ya juya ya rera waƙar zagin Katolika a kan benci, bai ga wani saɓani ba. Hukumar ƙwallon Turai ta ci Rangers tara a 2006 saboda irin waɗannan waƙoƙi, a 2019 kuma ta sa aka rufe wani sashe na Ibrox. Majalisar Scotland ta yi doka a kan haka wadda ta fara aiki a 2012, aka yi ta jayayya a kanta har aka soke ta a 2018. Wani sashe na 'yan kallon Celtic su ma suna da nasu waƙoƙin da ake kuka da su.

Game da biyayyar magoya baya, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma miyar Rangers ta ƙare a 2012. Bashi da rikicin haraji suka durƙusar da kamfanin kulob ɗin, manyan 'yan wasa suka watse, aka sa shi ya fara daga rukuni na huɗu, can ƙasa tare da kulob-kulob na ƙananan garuruwa. A wasansa na farko na gida a wannan rukuni, mutum fiye da 49,000 suka shiga Ibrox. A cikinsu ba za a rasa waɗanda suka yi rantsuwa a 1989 ba, da 'ya'yansu.

A ɓangaren Celtic ne ciwon bai warke ba, dalilin kuwa ba ɗariƙa ba ce kawai. Waɗansu sun yi wa kulob biyun wasa ba a yi musu irin wannan ba. Alfie Conn ya bar Rangers ya bi ta Tottenham ya zo Celtic a 1977. Kenny Miller ya yi Rangers, ya yi Celtic, ya sake komawa Rangers har sau biyu. An yi musu ihu, an yi surutu, aka wuce wurin. Amma ba wanda ya sa riga a cikinsu ya yi alkawari a gaban jama'a sa'an nan ya juya. 'Yan Rangers al'ada aka karya musu, aka kuma biya su diyya da ƙwallaye da kofuna. 'Yan Celtic kuwa amana suke ganin an ci, ba kuma abin da Johnston zai iya biyansu da shi, tun da yake duk ƙwallon da ya ci daga ranar a kansu take. Ga shi kuma Rangers ta ci gaba da ɗaukar kofin ƙasa har sau tara a jere, daga 1989 zuwa 1997, Celtic tana kallo.

Bayan Everton, Johnston ya dawo Scotland ya yi wa Hearts da Falkirk wasa, sa'an nan a 1996 ya haye zuwa Amurka, ya shiga kulob ɗin birnin Kansas, inda ya ci kofin ƙasar a shekarar 2000. Ya yi wa Scotland wasa 38, ya ci ƙwallo 14. A gabashin Glasgow kuwa, in dattawan Celtic suna hirar gwanayen da suka gani, ba kasafai ake tuna ƙwallo 52 da ya ci musu ba. In ma maganarsa ta taso, da yawa ba sa kiran sunansa, sai su ce Yahuza, watau almajirin nan da Kirista suka ce ya sayar da ubangidansa.